Ɗigo Uku a Wuyan Riga

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki a lungunmu na tsohon birnin Lahore, kuma katanga ɗaya ce ta raba shagona da na Gulzar mai wanki. Katangar ma ba ta kirki ba ce, in ya yi atishawa ni nake yi masa addu'a. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, to na san shi.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa sun yi fari sun tattare saboda ruwa da sabulu. Wankin gado ya yi. Kakansa a bakin kogin Ravi ya yi sana'ar, mahaifinsa Baba Sohna ma haka, da jaki yake zagaya gidaje yana karɓar ƙullin kaya. Shi ma Gulzar a can ya tashi, yana bugun riga a kan dutse tun kafin gemu ya fito masa. Da ruwan wurin ya ja baya, ɗan abin da ya rage kuma ya zama wanda ko jakin ba ya sha, sai ya sayar da jakin da ɗan filin da ya gada, ya sayi injin wanki guda uku na gwanjo, ya jera su a shagon da ke jikin nawa.

Injinan lafiyarsu ƙalau, masu kayan ne babu. Tsofaffin da Baba Sohna ya yi wa wanki sun mutu, 'ya'yansu sun sayar da gidajen sun koma sababbin unguwanni a bayan gari. Daga gida sama da ɗari biyu, sha ɗaya suka rage masa. Ga ƙanin matarsa, Mushtak, kullum yana bugo waya daga Sharjah, can ƙasar Larabawa, wai akwai gurbi a ɗakin wankin wani otal, amma lallai ya ba da amsa kafin babbar salla. Gulzar yana da shekara hamsin da biyu, bai taɓa kwana a wajen Lahore ba. Duk da haka ya je ya yi fasfo, ya kawo ya jefa a cikin tsohon gwangwanin sitaci a kan kanta, ya daina kallon wajen.

'Yarsa Nimra ce ta kawo maganar talla. Ita ta yi karatu, a kantin magani take aiki, kuma bakin uban ta ɗauko.

"Abba ji, mutanen nan fa ba ƙarewa suka yi ba, tashi suka yi. Duk suna cikin waya. Ka bar ni in yi maka talla a Facebook."

"Talla? Ni mai mangwaro ne? Ubana bai taɓa ɗaga murya yana kiran ciniki ba."

Na ce ta bayan katanga, "Shi jakinsa ne yake yi masa, ai duk lungu ana jin kukansa."

"Latif, ka ci gaba da ɓata wa mutane yadi, ba da kai ake ba."

Sati biyu muna yi masa taron dangi, ni da ita, kafin ya sakko. Ta buɗe wa shagon shafi, ta biya 'yan rupiyoyi don a nuna tallar ga mutanen da ke kewaye. Sai maganar hoto. Ita ta so ta ɗauki injinan, shi ya ce injin kowa iri ɗaya ne, aiki za a nuna. Ya hau da ita saman bene inda yake shanya, rana tana dukan fararen kaya suna ƙyalli, ya tsaya a gefe ya harɗe hannu. Hoton ya yi kyau, ni da kaina na ce ya yi.

Abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne layin shanya na biyu. Baba Sohna yana da ƙa'ida a bakin kogi: kayan mata a tsakiya ake shanya su, a kewaye su da zannuwan gado, ko mai wucewa a kwalekwale ba zai gani ba. Gulzar ya san wannan kamar sunansa. Amma tun da ya koma saman bene, inda daga shi sai tattabaru, ya saki jiki. A hoton nan ga wani koren wando mai aikin zare ruwan zinariya a ƙafa, wanda duk matar da ta je bikin gidan Bibi Zarina ta san na amaryar ɗanta ne.

Kafin la'asar tallar ta yi aikin da aka biya ta, ta shiga wayar kowa a unguwa. 'Yan zaman banza suka fara rubuce-rubuce a ƙasan hoton. Nimra ta goge, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Bibi Zarina da kanta ta zo, tana dogara sanda. Tsohuwa ce, matar marigayi mai sayar da tagulla, kuma gidansu tun zamanin kakan Gulzar suke ba su wanki. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Gulzar, ubanka ne ya wanke kayan aurena. Shekara arba'in ko tsuntsu bai san kalar wandona ba. Yau ga na matar ɗana a wayar mai sayar da kaji."

"Bibi, wallahi ban lura..."

"Ba ni ƙullina. Ko jiƙe ne, haka nake so."

Jiƙen ta karɓa. Gida uku suka bi bayanta, sha ɗaya suka koma bakwai. Garin gyaran gira aka rasa ido. Gulzar bai yi wa Nimra faɗa ba, ya ce shi ya shanya, ba ita ba. Ni ma bai ce mini komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, don ni na zuga shi. Na ji kunya ƙwarai. Washegari na ga ya sauke gwangwanin sitacin yana goge masa ƙura.

Bayan kamar sati uku wani saurayi ya shigo shagona da wata tsohuwar falmaran a leda. Sunansa Daniyal, daga ɗaya daga cikin sababbin unguwannin nan. Ya ce ta mahaifinsa ce da ya rasu bara, yana so a rage masa ita ya sa da salla. Da na juya ta ciki-waje, sai na ga ɗigo biyu da 'yar sanda a kwance a cikin wuyan, da baƙar tawada.

Kowane mai wanki na gado yana da irin wannan. Su Baba Sohna ba su iya karatu ba, don haka kowane gida alamarsa daban, ɗigo da sanda da ƙugiya, ana yi da allura da ruwan ƙwallon wani itace wanda ko rigar ta mutu shi yana nan. Ba a rubuta su a ko'ina, a ka ake riƙewa. Na buga katanga na ce Gulzar ya zo ya ga wani abu.

Ya zo yana goge hannu, ya kalli wuyan sau ɗaya.

"Gidan Hakim Inayat ne mai maganin gargajiya, na lungun masu turare. Hannun ubana ne wannan. Kai ɗan wanne ne, Tarik ko Jawed?"

Saurayin ya dube shi ya dube ni. "Tarik."

"Allah ya ji ƙansa. Shi ne mai son sitaci, sai riga ta tsaya da ƙafarta yake cewa ta yi. Kuma kullum sai na zazzage kanumfari daga aljihunsa kafin in jiƙa."

Daniyal ya zauna a kan bencina bai shirya ba. Ya ce har ranar da mahaifinsa ya rasu akwai kanumfari a aljihunsa. Ya daɗe yana shafa ɗigon nan da yatsa, sannan ya ce, "Chacha, har yanzu kana wanki?" Chacha shi ne yadda muke kiran sa'an uba.

"Ina yi, in na samu."

Nimra ta shigo cin abincin rana ta tarar da mu a haka. Ta ji labarin, sannan ta tambayi uban alama nawa yake riƙe da su. Ya ce duka. Ta ce to a ba ta dama sau ɗaya tak.

"Kin ga inda ta farko ta kai mu."

"Wannan karon ba rigar kowa, ba sunan kowa. Ƙyalle fari kawai, ka zana alamar, in ɗauka."

Ya gindaya sharaɗi cewa ba za a faɗi gidan da ke da alama ba sai mai ita ya faɗa da bakinsa. Ni na ba da ƙyallayen, daga ragowar yadin da yake cewa ina ɓatawa. Kullum da safe ya zana ɗaya, ita ta saka, da rubutu layi biyu: ku duba wuyan tsohuwar rigar mahaifinku, in kun ga wannan, mun san ku. Ta kuma karkata tallar zuwa sababbin unguwanni.

Kwana huɗu shiru, har na fara shirya abin da zan ce don in wanke kaina. Rana ta biyar wata mata ta turo hoton rigar filo daga Kanada, da ƙugiya da ɗigo a gefenta, ta ce ta kakarta ce, ta daɗe tana zaton tabo ne. Daga nan sai abin ya ɓarke. Mutane suka shiga buɗe akwatunan iyayensu. Wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara ba sa magana suka haɗu a ƙasan alamar gidansu suna gardamar wanda ya fara gane ta. Nimra takan karanta masa saƙonnin, shi kuma ya faɗi abin da ya tuna, wane ba ya son bula, wance takan manta allura a mayafi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ban taɓa ganin an zuba ta a waya ba sai a kansa.

Ba duka suka kawo wanki ba. Da yawa hira suka zo yi, su sha shayi su yi hawaye su tafi, yana gunaguni cewa hawaye ba ya juya inji. Amma wasu sun kawo. Daniyal ya kawo, ya janyo maƙwabtansa. Nimra ta buɗe layin WhatsApp, aka samu mai keke mai ƙafa uku da yake kai Gulzar sababbin unguwanni Talata da Asabar, ranakun da ubansa yake zagaye da jaki. Har waɗanda ba su da asali a lungunmu suka fara cewa su ma a yanka musu alama. Kafin watan salla ya kama, gida arba'in da wani abu yake yi wa wanki.

Amma gwangwanin yana nan a ƙasa, bai mayar da shi kan kanta ba. Na tambaye shi me kuma yake jira.

"Latif, waɗannan duk ubana suka tuna. Wadda ta san aikin hannuna shekara da shekaru ita ce ta tafi, kuma da gaskiyarta. Kullum sai na wuce ta ƙofar gidanta. A Sharjah aƙalla ba wanda zan sunkuyar wa da kai."

Alamar gidan Bibi Zarina ɗigo uku ce a jere, ita ce ta farko da kakansa ya yanka. Nimra ta so ta saka ta ko tsohuwar za ta huce. Ya ce a'a, ya taɓa nuna kayan gidan nan ba izini, ba zai ƙara ba ko da ɗigo ne. Ita kaɗai ce alamar da ba ta taɓa shiga waya ba.

Saura kwana biyu salla, Mushtak ya ce da yamma zai bugo ya ji amsa. Da hantsi na ji ƙarar sanda a bakin shagon. Na kashe keken ɗinki, don ni ba na ɓoye cewa ina sauraro.

"Jikokina sun nuna mini abin da kake yi a waya," in ji Bibi Zarina. "Kullum ina sa su duba. Na ga ta gidan kowa, har ta masu turare. Ina tamu?"

"Ba ki ba ni izini ba, Bibi."

Na leƙa. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannuna biyu ba, sabuwa fil. Matar ɗan nata, mai koren wando, ta haihu kwana tara da suka wuce.

"Ba wanki na kawo ba, ba ta yi datti ba tukuna. Alama za ka sa mata. Ƙullin yana gida, ka aiko a ɗauka. Kuma zannuwan gado a waje, Gulzar."

"A waje, Bibi."

Ya ɗauko allura da kwalbar tawada, amma ya kasa ɗiga ko ɗaya. Mutumin da ya yi wannan aikin sau dubbai. Nimra tana tsaye a bayansa, sai ya juya ya miƙa mata.

"Uku a jere. Kada ki danna, fatar jariri ce za ta taɓa wurin."

Ta yi su ɗaya bayan ɗaya, yana kallo, tsohuwar ma tana kallo. Da yamma wayar Mushtak ta shigo, na ji ta bayan katanga yana ce masa ya ba wani gurbin, shi yana da shanya a sama.