Baba Kura Mai Shinshinar Kayan Gado

Har zuwa watan jiya, kullum da hantsi za ka tarar da Baba Kura a bakin kasuwar Kazaure, bisa buzunsa, da butar ruwan zafi a gefe da wani tsumma da ya girmi rabin 'yan kasuwar. Mata ke kawo masa tsofaffin awarwaro da duwatsun wuya, galibi na gado, ya faɗa musu ko murjani ne na gaske ko roba, in kuma roba ce, wace iri. Sai ya goga abin a tafin hannu har ya yi ɗumi, ya rufe ido, ya kai hanci. Wata robar warin asibiti take yi. Wata in ta ji ruwan zafi sai ta yi ƙaurin madarar da ta kama tukunya. Masu wucewa kan rage murya in sun iso gabansa. Mutumin da ya shekara arba'in yana shinshinar kayan matattu, ba kowa ke son haɗa ido da shi ba.

Shekara uku da suka wuce, wani Bafulatani mai suna Sama'ilu ya zo ya ɗauke shi a babur zuwa wata ruga a ƙasar Gwiwa. Ƙanwarsa Saude ce ba lafiya. Da mahaifiyarsu ta rasu, Saude ta naɗe kayan adonta a farin ƙyalle, ta sa a kwalla, ta toshe, ta tura ƙarƙashin gado. Bayan shekara ta buɗe, sai warin kafur ya buge ta, irin na ranar da aka yi wa gawar wanka. Ƙyallen ya huje. 'Yan kunnen azurfa sun yi baƙi. Jan awarwaron tsohuwar kuwa ya jiƙe da ɗigo-ɗigo kamar goshin mai zazzaɓi. Ta goge, ta rufe. Bayan mako ya sake jiƙewa. Tsofaffi suka ce uwar ce ke kiranta. Saude ta rabar da ƙorenta, ta nemi gafarar maƙwabta, ta daina cin abinci.

Baba Kura ya iso ana tsakiyar hura kaskon turare. Wata gwaggonsu ta riƙo awarwaron da bakin zane, za ta kanga shi a hayaƙi.

"Ajiye shi, Gwaggo," ya ce. "Nesa da wutar."

Ya kankaro ɗan mitsitsi daga jikin awarwaron da wuƙa, ya yarfa a garwashi. Harshen wuta ya tashi fuu, ya mutu. Mata suka ja da baya suna a'uziyya.

"Da dukansa kika sa, da yanzu ba bukka, ba ke."

Ya shiga wurin Saude. Tana kwance, fuska a jikin zana, wuyanta kamar sillen kara. Bai yi mata wa'azi ba. Ya zaro wani tsohon mataji daga jakarsa, ya goga, ya kara mata a hanci. Warin kafur ɗin nan ya buge ta.

"Ita ce," ta ce a hankali.

"Wannan na wani wanzami ne a Babura, ƙato mai gemu. Shi ma innarki ne? Ku Fulani, saniya ta yi tari sai ku ce saƙo ne."

"Babarbare dai ba ya rasa baki," in ji ta, muryar da ƙyar take fita.

Ya ce mata akwai wata tsohuwar roba wadda da kafur ake haɗa ta. In ta tsufa aka toshe ta, sai ta yi gumi, ta ci duk abin da ke kusa da ita.

"To Baba, me ya sa bai taɓa yi ba sai da ta rasu?"

Ya daɗe yana juya awarwaron a hannu.

"Shekara hamsin yana hannunta yana shan iska. Ke kika rufe shi, 'yata."

Ya rataye shi a inuwa, shi kaɗai, ya ce kada a sa, kada a kai shi kusa da murhu. Saude ta kalle shi yana lilo har aka kira la'asar. Sannan ta tambayi yayanta ko akwai sauran fura.

Baba Kura, kai ne ka kai hancinka inda malamai suka tsaya daga bakin ƙofa. Kai ne ba ka taɓa ce wa roba murjani don a ji daɗi ba, ba ka kuma ce wa roba aljani don a ji tsoronka ba. Na mata, mai faɗin abu da sunansa.

Watan jiya ka goga wani dutsen wuya, ka kai hanci, ba ka ji komai ba. Ka mayar wa mai shi, ka naɗe buzunka, ka bar sana'ar, ka ce tunda hanci ya gaza ba za ka yi wa mutane cinta ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'a kuma, ku koyi wannan: ku san abinku har ƙasa, ku faɗi gaskiyarsa ko ba ta da daɗi. Wanda ke shakka ya je kasuwar Gwiwa, layin masu nono. Saude na can, ta yi ƙiba, tana faɗa da masu neman gyara.