Sai-an-jira da Motar Surukinsa

A garejin kowa Sai-an-jira yake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Aikinsa gyaran jakar iska, wadda ke faso sitiyari ta tare ƙirjin direba in an yi karo. Ko gobara ake a gidanka, sai ya cire kan batir, ya duba agogo, ya zauna kan tsohuwar taya minti goma sha biyar kafin ya taɓa wayar jakar mai ruwan ɗorawa. Masu gaggawa su yi ta tsaki, shi kuwa ya juya musu kunnen hagu. Wata jaka ce ta kashe masa kunnen tun yana saurayi, ranar da ya ɗora mata mitar gwajin wuta. Tun daga nan, in ya ciro jaka sai ya riƙe ta bayanta na wajensa, ya kwantar da ita a tebur fuskarta sama, kamar jaririya.

Abu biyu ne ba ya ba da aro: akwatin sifanoninsa da tsohuwar motarsa, wadda ko ƙaninsa bai taɓa tuƙawa ba.

Wata Laraba da hantsi mijin autarsa ya shigo da motar da ya saya ta hannu.

"Baba, 'yar fitilar nan ta jakar iska ce ta ƙi mutuwa. A kashe min ita kawai, gobe zan kai mai ɗakina awo."

"Fitila ba ta ƙarya, ɗana. Samu wuri."

Ya cire kan batir, suka zauna suna kallon ƙasa, don hirar surukai ba ta da tsawo. Da lokaci ya cika ya kwance murfin sitiyarin. Babu jaka a ciki, sai tsumma da soso. Ya buɗe ɓangaren fasinja, nan ma haka. Sati uku ke nan autarsa na zama a kujerar nan da cikin wata takwas.

"Motar nan ba ta fita sai an samo jakunkuna na asali," in ji shi. "Sati biyu, ko uku."

"To awon fa, Baba?"

Sai-an-jira ya daɗe da hannu a aljihu. Can ya ciro makullin motarsa ya miƙa, bai kalli surukin ba.

"Kar ka wuce sittin. Kuma ta ɗaura bel."

Da la'asar mutanen gareji suka hango shi a bakin titi, akwati a hammata, yana jiran motar haya. Ranar ba wanda ya tsokane shi.