Ranar da Babana Ya Tsaya a Gangaren Rairayi

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har waƙoƙin da na cika littafi da su, amma safiyar da na tafi jarrabawar sartifika, ta kammala firamare, ba za ta fita raina ba. Lokacin Faransa ce ke mulki, muna zaune a Bengou, jarrabawa kuwa a Gaya ake yin ta. Mushe, malaminmu, ya faɗa mini shekaruna sun kai iyaka, in na rasa ta wannan shekara ba ni da wata. Ƙarfe takwas za a rufe ƙofa.

Babana tsohon soja ne, yana da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. In ta kama tafiya ba ta da laifi. Tashi ne ba ta iya ba. Da ya taka wuta sai ƙafafun baya su yi ta juyawa wuri ɗaya, suna haƙa rami. Mutanen gari suka ce in ana son rijiya, a kira shi.

Saboda jarrabawata ya ɗauki gyara. Ya aika Parakou aka kawo tayoyi biyu masu manyan haƙora. Ya kai ta wurin makaniki a Gaya aka ƙara faifan ƙarfe biyu a kowane resor na baya, wato ƙarafan da ke ɗauke da jikin mota. Ya gwada ta da buhunan shinkafa cike da baya, ta tashi tsaf kamar budurwar da aka kira sunanta. Kwana uku bai yi wata magana ba sai ta resor.

Ranar tafiya ya sauke buhunan duka, ya wanke bayan motar. Ya ce 'yarsa ba za ta shiga Gaya tana warin ƙaiƙayi ba.

Akwai wani gangare a hanya inda ruwan damina ke tara rairayi. Duk direba ya san ba a tsayawa can. Muna shiga ina kallon giginyu, ina shirya musu baiti a zuciya, sai na ji birki. Kakata ce, uwar mahaifiyata, da ƙawayenta biyu, kowace da ɗaurin gishirin Foga a ka, za su kasuwa. Babana ya iya tsallake rami, amma bai iya wuce surukarsa ba. Ya sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa. Aka gaisa har aka tambayi lafiyar awaki.

Da ya dawo ya taka wuta, bayan motar ya hau tsalle kamar kwaɗo. Resor ya yi tauri, ba kaya bisansa, sabbin haƙoran nan suka haƙa ramin da tsofaffi ba su taɓa haƙawa ba. Ya rage wa tayoyi iska, ya sa ganyen kaba a ƙarƙashi. Motar ta yi tsalle ta zauna. Rana ta hau kan giginyu, lokaci na ta tafiya.

Ya leƙo ta taga, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Nauyi take so a baya.”

Muka dubi Kaka tare. Allah ya yi ta da jiki, ba a ƙasarmu kaɗai ba, har tsallaken kogi an san da haka. Babana ya sunkuyar da kai. Ya je yaƙi ya dawo, amma bakinsa ba zai iya ce wa surukarsa ta zo ta zama buhu ba. Ita ma kunya ba za ta bar ta ta nemi shiga motar mijin 'yarta ba.

Ni da ko a aji ba a jin muryata, na sauka na ce, “Kaka, motar nan nauyi take nema, kuma ban ga wanda ya kai ki ba.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ji tsinken nan. Shekara shida kina lakkwal, abin da aka koya miki ke nan?”

“In ban isa ba, shekara shidan ta tafi a banza.”

Ta juya wajen ƙawayenta, ba wajen Baba ba, ta ce, “Ku gaya wa uban yarinyar nan ya dubi gabas.”

Ya dubi gabas. Suka hau da gishirinsu, na nuna musu daidai saman ƙafafu, suka zauna. Motar ta yi ƙasa kaɗan, kamar mai ajiyar zuciya. Baba ya taka wuta a hankali, haƙoran suka kama ƙasa, muka haura ba ko gargada. Har Gaya bai waiga ba.

Na tarar mai kiran suna ya riga ya wuce nawa, hannunsa na kan ƙofa. Ya ga rairayi har gwiwata, ya matsa na shige. Na ci jarrabawar.

Abin da na koya ranar bai fito a takarda ba. Wani lokaci an yi duk gyaran da ya kamata, kowa ya san abin da ya rage, manya na tsaye kunya ta ɗaure musu baki. A irin wannan wuri, wanda al'ada ta yarje wa magana, in ya yi shiru, laifin nasa ne. Tun daga ranar, in na ga haka, nakan buɗe baki.