Malam Musiliu da Allin Jar Mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Yuli, 1959, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Musiliu makanike a gidansa da ke Fagge, bayan jinyar kwana tara.

Ni Dabo ne, makaniken da garejinsa ke kallon nasa, titi kawai ya raba mu. Na zauna in rubuta kuka, sai dariya ke ta zuwa mini, domin ba a tuna ka, Malam Musiliu, fuska a murtuke. Kai ne kake gyara wa masu keke kyauta, sannan ka bi su da faɗa don ba sa zuba wa sarƙa mai. Kai ne kuma ka shekara bakwai ba ka tsallako gefena ba sai sau ɗaya, tun da muka yi cacar baki a kan wata sifana, wadda har yau na ce tawa ce.

Amma akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, yau zan faɗe shi.

Wata Juma'a a 1956, bayan an sauko daga masallaci, Silbesta ya shigo garejina da jar mota mai kujera biyu, marar rufi, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Silbesta akawu ne a wani kamfanin gyaɗa, mazaunin Sabon Gari. Maigidansa Bature ya ara masa motar don ya ɗauko amaryarsa Nkechi daga coci washegari, da gargaɗin cewa in ta ƙwarzane, ya nemi wani aikin. Ga shi burkin baya ya fara ƙara. Kafin ka ce me, rabin Fagge ya taru kallo.

Ni kuwa manyan motocin gyaɗa na sani, waɗanda ko'ina ka kafa musu jak ƙarfe ne. Na jawo jak ɗina, na tura shi ƙarƙashin ƙofa, na fara bugawa ina hura hanci. Sai na ji an dafa hannuna. Na ɗaga kai, ga ka, Malam Musiliu, tsaye cikin farar rigarka ta Juma'a.

Ka sunkuyo, ka yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ka ce, "Malam Dabo, nan gwangwani ne. Bugu biyu ya rage ƙofar nan ta daina rufuwa har abada."

Sannan ka miƙe ka ɗaga murya: "To, ga ni, Malam Dabo! Ka aika in zo in riƙe maka alli, me ya sa ka fara gwaji ban iso ba?"

Ka sa muka tura ta inda ƙasa take a daidaice, muka tare tayoyin gaba da duwatsu. Ka kwanta da farar rigar nan cikin baƙin mai, kana ƙwanƙwasa cikin motar da zoben azurfarka. Inda ya yi ƙara kamar gwangwanin madara, ka wuce. Kaskon man inji ma ka wuce shi. Inda ya amsa da nauyi, kan doguwar sandar ƙarfen da ke ɗauke da motar, sai ka leƙo ka ce, "Nan kake nufi, ko?" Ni kuma in gyaɗa kai kamar babban malami. Wuri huɗu ka shafa wa alli. Ka sa guntun katako tsakanin jak da ƙarfe, ka ce mota kamar rago ce, ta ƙashi ake ɗaga ta, ba ta tumbi ba. Da ta tashi, ba ka bar ni na tura ko yatsa ba sai da muka tokare ta da kututture.

Washegari Silbesta ya ratsa mararrabar Bata da amaryarsa, hon na tashi, mayafinta na kaɗawa. Ya riƙe aikinsa, Baturen kuma ya turo mini abokansa. Daga ranar aka sa mini suna Dabo Mai Jar Mota. Kai kuwa abin da ka samu shi ne faɗan matarka Inna Adijat a kan riga. Shekara uku ba ka gaya wa kowa ba, sai dai in mun haɗa ido ka ciro alli daga aljihu ka nuna mini, ka fashe da dariya.

To, jama'ar Fagge da Sabon Gari, ku ji da kyau: ban aika masa ba, ban kuma san inda ake kafa jak ɗin ba. Sunan da kuke kira na da shi, nasa ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Adijat, da 'ya'yansa Fatai da Raliat, da dukan makanikan Fagge. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙan ka, Malam Musiliu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka rufa mini asiri a gaban mutane, Allah ya rufa maka naka ranar tsayuwa. Sifanar ma na yafe. Amin.