Ƙullin Doña Leonilde

Saura ƙiris mu rasa Doña Leonilde wata ranar Lahadi, kuma muna tsaye muna dariya.

Duk mai hawan dutse a garin Suesca ya san ta. Shekara ashirin ta yi tana yankan furanni a gonakin rumfa. Da aka sallame ta, sai ta kafa teburin kofi da wainar masara a bakin layin dogo, gindin duwatsun. Tun tana kallon 'yan birnin Bogotá suna reto a jikin igiya tana kiransu marasa aikin yi, har wata rana ta ari ɗamarar da ake ɗaura wa igiya ta hau. Tana da shekara arba'in a lokacin. Yanzu ta ba sittin baya, kuma ni Nicanor mai gidan burodi, da nake riƙe mata igiya daga ƙasa, ni ne ke haki.

Al'adar wurin nan, kafin ka ɗaga ƙafa, mai riƙe maka igiya zai duba ƙullinka, kai ma ka duba ɗamararsa da ƙarfen da igiyar ke bi, ko da yau kuka fara haɗuwa. Leonilde ta mai da abin sana'a. Ba gaisuwa ba komai, sai dai ka ji hannu a ƙugunka tana jijjiga ka kamar buhun dankali. Ina ƙaunar matar nan, amma faɗanta ya ishi unguwa guda.

A ranar na zo da targaɗe a yatsa, ba damar riƙe igiya. Sai ga wani baƙo shi kaɗai yana neman abokin hawa, Fidencio, ma'aikacin jinya daga garin Pasto, mai magana ƙasa-ƙasa kamar a coci. Leonilde ta kalle shi sama da ƙasa, ta jijjiga ɗamararsa, ta tambayi shekarun igiyarsa, sannan ta ce to.

Ta fara nata ƙullin. Mataki biyu ne: ka yi siffar takwas, ka zura bakin igiyar ta ɗamara, sannan ka sake bin takwas ɗin da shi. Tana zurawa ke nan ta hango wani ƙato ya take igiyar wasu da takalmi.

"Kai, mai jar hula! Tabarmar gidanku ce? Ɗaga ƙafarka!"

Ba ta bar shi ba sai da ya ba da haƙuri sau uku. Ta dawo tana huci, ta saki rigar sanyinta ta rufe ƙugu, ta shafa alli a hannu, ta kama dutse. Hanyar da ta zaɓa mita talatin ce, kuma in an kai ƙarshe, nauyinka kake sakar wa igiya a sauko da kai.

"Ranki ya daɗe," in ji Fidencio, "ban duba naki ba."

Muka kwashe da dariya, ni ne kan gaba. Na ce, "Ɗan Pasto, lokacin da ta fara ƙulla igiya, kai ko mazagin wandonka ba ka iya ɗaurewa ba!"

"Riƙe igiya, ɗana, rana na yi," ta ce, ko waiwaye babu.

"Ki gafarce ni, Doña. Ban gani da idona ba."

Ta hau taku biyu. Mutumin nan, kunnuwansa sun yi jawur don kunya, ya zare igiyar daga ƙarfensa, ya ajiye ta a ƙasa, ya ce, "Na saki." A wurinmu wannan cin fuska ne. Ni kaina raina ya ɓaci, har na matso zan karɓa da yatsana mai ciwo.

Ta diro. "To, likita, zo ka koya mini! Zo ka gani!" Ta yaye rigar, ta fizgi igiyar don ta nuna masa ƙarfin ƙullin.

Igiyar ta zare sumul, ta biyo hannunta.

Muka ɗaga kai muka kalli ƙololuwar dutsen, muka sauke ido kan tsakuwar da za ta faɗo a kai. Na zube a kan ƙarfen dogo. Sai kuma wani sanyi ya ratsa zuciyata, irin wanda ban taɓa ji ba. Ga ta nan tsaye, da ranta, da bakinta. Na yi hawaye, kuma ban ɓoye ba.

Fidencio kuwa haƙuri yake ta bayarwa, wai ba raini ba ne. Ta kama kansa da hannu biyu ta sumbaci goshinsa. Sannan ta juyo kaina.

"Nicanor, yaushe rabonka da duba ƙullina?"

Na sosa ƙeya. "Tun shekarar da aka yi wa jikarki baftisma."

"Yarinyar da ke sakandare yanzu?"

"Tsoronki nake ji, Leo. Kowa a nan tsoronki yake ji."

Na zaci za ta rufe ni da faɗa, amma ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon igiyar. Ta sake ƙullawa a hankali, wani ya gaishe ta ko amsawa ba ta yi ba sai da ta gama. Sannan ta ɗaga hannuwa sama kamar mai jiran awon tela, ta dube mu mu biyu.

"Ku duba," ta ce. "Ku ja da ƙarfi."