Wayar Araha Da Ta Cinye Muryar Yayana

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye na yankin Kelle, sai ƙarshen mako nake zuwa gida Gure. Mutum ne ni mai ji da wayo. Ba na sayen abu sai na zagaye kasuwa kaf, in kuwa na karya wa ɗan kasuwa farashi sai in ji kamar na ci yaƙi.

Yayana ya tafi Libiya neman kuɗi tun ina ƙarami. Da yake bai yi boko ba, ba ya rubuto wasiƙa, sai ya ɗauki maganarsa a kaset ya ba masu dawowa. Har ya aiko wa Innarmu babbar rediyo mai cin kaset, mai bafil biyu, wato lasifika. A hanyarsa ta dawowa motarsu ta lalace cikin sahara, ko gawarsa ba mu gani ba. Kaset ɗaya ne ya rage mai kyau, wanda a ciki yake gaishe da kowa, yana tsokanar Inna wai ta daina ba awaki rabonsa na fura. Kowace Juma'a bayan la'asar takan tura ƙofa ta saurara, tana amsa gaisuwarsa kamar yana zaune gabanta. Kaset ɗin ba ya fita daga cikin rediyon.

Wata rana ɓera ya cinye wayar da ke kai wa rediyon kuran, wato wutar lantarki. Na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, ya ce in ba shi mako ɗaya ya sa a kawo mai kyau daga Damagaram. Ya ƙara da cewa in kawo kaset ɗin ya juye mana shi a katin waya, don zaren kaset ba ya dawwama. Da na ji kuɗin wayar sai na yi tsaki a raina, na ce tsohon nan so yake ya yanke ni. Na samu wata a tebur cikin kasuwa, sirirya, ba nauyi kamar kara. Shi kansa mai tebur ya gaya mini ta cajin fitila ce, na ce masa waya ai waya ce. A gida kan wayar ya ƙi shiga firiz ɗin bango inda ake jona wuta, sai na yanke shi, na cusa tsirarar wayar cikin ramukan, na danne da tsinken ashana kamar yadda muke yi muna ɗalibai. Rediyo ta kama, Inna ta yi ta sa mini albarka. Na ce mata kada ta riƙa cirewa, don mayarwa da wuya.

Ranar Laraba tana jin labarai da hantsi aka ɗauke kuran. Ta lulluɓe rediyon da zane kamar kullum, ta tafi gidan suna, ba ta tuna a kunne take ba. Maƙwabta ne suka hango hayaƙi, suka ɓalle ƙofa, suka kashe wutar da rairayi. Ba a rasa rai ba, amma rediyon ta narke ta zama dunƙule baƙi, kaset yana ciki. Da labari ya same ni na taho gida. Masu zuwa jaje suka ce kuran ne ya dawo da ƙarfi, ni kuma na yi ta gyaɗa kai. Dattijon nan mai gyaran rediyo ya zo, ya tsuguna ya duba bangon, ya dube ni, ya ce Allah Ya kiyaye gaba, ya fita. Inna ba ta ko kalli katifarta da ta ƙone ba. An ce ta zauna a bakin ƙofa tana cewa yau ne ɗanta ya rasu.

Sai da na shekara ina ɓoye gaskiya kafin na durƙusa na faɗa mata. Ta ce ta yafe, ƙaddara ce. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Araha ba ta ado, na sha ji, amma sai da ta ci ni na yarda. 'Yan'uwa, in mai sana'a ya ce ku jira, ku jira. Kada ku cusa tsirarar waya a bango, kuma muryar wanda ya riga ku gidan gaskiya in tana hannunku, ku juye ta yau ba gobe ba. Juma'ar da ta wuce Inna ta kira ni ɗakinta, ta ce in maimaita mata gaisuwar yayana. Na faɗa kalma bayan kalma. Sai ta ce maganar duk tana riƙe da ita, muryar ce ta fara ɓace mata.