Rigar da Na Ɗinka wa Tsohuwa

Ko na manta komai na aikin gwamnati, ba zan manta da ranar da aka gwada Tsohuwa a bayan garin Kaura Namoda ba. Lokacin ina mai gadin daji a Zurmi, ban daɗe da samun ƙarin girma ba, kaina ya fi ƙarfin hulata.

Tsohuwa bindigar ofishinmu ce, irin ta gwanayen harbi na sojan da, mai madubin hangen nesa. Ba a fito da ita sai in mahaukacin kare ya shigo gari ko birai sun addabi gero. Harsashinta ya daɗe da ɓacewa, sai dai mu tara kwanson da aka harba mu kai wa Baba Sanda, mai gyaran bindigogin gwamnati a Kaura, ya sake cikawa. Da ɗan sikeli yake awon albarushi, don in wani harsashi ya ɗara wani ko kaɗan, kowanne gabansa zai kama.

Ƙa'idar ita ce, duk shekara jami'i ya zo daga hedikwata a kafa allo. In harbin ya taru a faɗin faifai, bindiga ta ci gaba da aiki. In ya watse, a yanka ta da zarto. Ni kuwa ina son bindigar nan kamar ni na haife ta.

Sai na ga bai dace ta je gaban manya da tsohon katako duk ƙuje-ƙuje ba. Ban shawarci kowa ba, na kira baduku daga Shinkafi. Ya jiƙa jar fata, ya naɗe ƙarfen da katakon wuri guda, ya ɗinke tam, har da tuntu. Da fatar ta bushe ta ƙara kamewa. Na yi ta kiran mutane su zo kallo.

Ranar gwaji na kwanta rub da ciki, na saita. Harbi na farko ya taɓa kunnen allo. Na biyu ya ta da ƙasa can gefe. Sauran har yau ban san garin da suka sauka ba. Na miƙe ina kakkaɓe kaki, na ce wa jami'in, "Ranka shi daɗe, harsashin na. Baba ya tsuhwa, hannunai na rawa."

Baba Sanda, da ke tsaye nan gefe, ya matso. Ya karɓi bindigar, ya shafa fatar, ya ce, "Wa yay yi mata wagga riga?"

"Ni nis sa anka yi," na faɗa, har da ɗan murmushi.

"Ɗan nan, ƙarhe in ya yi zahi motsi shikai. Kai kuwa ka shaƙe mata wuya."

Na roƙi jami'in a warware a sake gwadawa. Ya ce gwaji ɗaya doka ta ba shi, kuma ya riga ya sa hannu. Sai dai a cire fatar a ba ni, tunda ba kayan gwamnati ba ce.

Baba Sanda, wanda ya fi kowa daɗewa yana hidimarta, shi aka miƙa wa zarton. Ni kuwa ina tsaye, ƙato da ni cikin kaki, rungume da jar fata mai tuntu, ina hawaye.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: kafin ku yi wa kayan aiki kwalliya, ku tambayi wanda ke gyara shi. Tsohuwa ta ga yaƙi ta tsira, ƙaunata ce ta kashe ta.